Inda Ƙanƙara Ta Bi

Ku samarin da ke aikin noma na gwamnati yanzu, na ji wasunku na cewa ba abin da ya kai karanta tarihin ƙanƙara sauƙi. Wai ka buɗe tsoffin kaye, wato littattafan da muke rubuta awon ruwa, ka ƙirga sau nawa anka rubuta ta faɗi a gari kaza, ka ce nan akwai haɗari, can babu. In da haka aikin yake, da ban tsufa a kansa ba. Ƙirga kowa na iyawa. Abin da ke da wuya shi ne ka san wa ya rubuta, ina yake tsaye sa'ad da ya rubuta, da kuma abin da ya hana shi rubutawa ranar da ya bar wurin fari fat.

Na shiga sarwis ɗin noma a Buza farkon shekarun saba'in, ina malamin gona, manoma na kirana Mushe, wato malam da bakin Faransanci. Aikin farko da anka ba ni ba a gona yake ba. Cewa anka yi in bi wani tsoho, Baba Nomau, wanda ke auna ruwan sama tun zamanin Nasara, in koyi riƙon kaye kafin idonsa ya ida raunana. Tsohon soja ne, gajere, ba shi da yawan magana, kunnensa ɗaya ba ya ji. In ya ce maka abu sau ɗaya ba ya maimaitawa, sai dai ya tsaya yana kallonka har ka tuna.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai gwangwanin tara ruwa mai baki kamar mazurari, an ɗora shi bisa gungume a fili, nesa da itace da bango. Akwai kwalbar awo mai zane-zane, wadda Baba Nomau ke naɗewa cikin tsohon rawani don in ta fashe sai an aiko wata daga Tawa. Akwai kaye, akwai kiriyo, wato fensir, don bai yarda da bik mai tawada ba, ya ce ruwa na ɓata rubutunsa. Sai ɗan regil na katako, na awon tsawo, da ba ya rabuwa da aljihunsa. Kowace safiya ta damina ka juye abin da gwangwani ya tara cikin kwalba, ka ɗaga ta daidai idonka, ka rubuta milimeta. A ƙarshen kowane layi akwai wani ɗan fili na bayani. Nan ake sa alamar ƙanƙara, ɗan zane mai kusurwa uku a cike da baƙi. Duk tarihin da kuke magana a kansa, a wannan ɗan filin yake zaune.

Ƙanƙarar farko da na gani a bakin aiki da la'asar ta zo. Hadari ya taso daga gabas, ƙasansa baƙi ƙirin, samansa fari kamar auduga, iska ta juya ta yi sanyi lokaci guda. Sai munka ji tol ɗin biro, wato kwanon rufin ofishinmu, na ƙara kamar an juye masa kwandon tsakuwa. Ni na ruga cikin ɗaki. Baba Nomau kuwa ya kife ƙwarya a kansa ya fita tsakar fili, yana tsintar ƙanƙara cikin bakin rigarsa. Ya dawo ya zube ta bisa tebur, ya ware mafi girma, ya ware wadda ta fi yawa, ya auna kowace da regil kafin ta narke. Ya dubi agogo, ya rubuta lokacin da ta fara da wajen da ta fito. Sannan ya ce mini, "Gwangwani ba shi ganin ƙanƙara, Hamidu. Narkewa take, ka auna ta cikin ruwa. In kai ba ka gan ta ba, ba ta faɗi ba."

Da gari ya waye ya ce in ɗaura takalmi. Munka bi gonaki da ƙafa muna neman iyakarta. Ranar na san ƙanƙara hanya gare ta, siririya, doguwa, kamar sawun garken shanu. Za ka ga gonar wani ta zama tsumma, ka tsallaka kunya kaɗan ka iske ta ƙanensa kore shar, ko ganye ɗaya bai tsage ba. Ya nuna mini yadda ake bambance dukanta da sauran ɓarna. Iska kwantar da kara take, duk su fuskanci waje ɗaya. Fara daga gefe take cin ganye, ta bar kashinta a ƙasa. Ƙanƙara kuwa tsaga ganye take a tsaye ya zama zare-zare, ta bar tabo a jikin kara ta gefe ɗaya kawai, gefen da ta fito. In akwai duma a gonar za ka ga ta fasa shi, in ta yi girma ka iske tsuntsaye a mace ƙarƙashin itace.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne kwanan wata shi kaɗai ba ya faɗin komi. Ƙanƙarar da ta sami hatsi yana idon sawu, mai gona ya yi kuka yau, bayan 'yan kwanaki ya ga ya sake toho, wani lokaci ma ya fi da yawa. Wadda ta same shi ya yi ciki, ko ya fidda kai yana bununi, wannan ta gama da shekara. Saboda haka in ka ga alamar a tsohon kaye, koma baya ka nemo ruwan da anka yi shuka da shi a wannan damina, ka lissafa girman hatsin ranar da anka buge shi. Alama biyu iri ɗaya a takarda, ɗaya ba ta hana kowa barci ba, ɗaya ta watsa gari cin rani tun kaka ba ta yi ba.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai wani mai albasa daga wajen Madawa da ya zo yana tambaya ko ya bar albasarsa a rudu, wato rumfar kara da suke ajiyarta, har damina ta shiga, don tsada ta same shi. Na buɗe masa abin da ke rubuce, na ce ƙanƙarar farkon damina ta sha faɗuwa a kwarin nan, amma ban iya ce masa bana za ta zo ko ba ta zuwa. Ya tahi yana gunguni, wai mi amfanin karatuna. Akwai kuma wani mai gari da ƙanƙara ta taɓa gefen ƙauyensa, ya yanka mini kaza, ya so in rubuta gari duka ya lalace don kumandan mai mulkin yankin ya sassauta musu haraji. Na ci kazar, na ce ya tashi mu zaga tare. Munka bi iyaka gona-gona, na rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa a gabansa. Bai ji daɗi ba. Na gaya masa in na ƙara gona ɗaya yau, wanda zai karanta bayanmu zai ɗauka hanyar ƙanƙara ta nan take, ya hana a kawo musu abin alheri saboda ƙaryar da munka yi.

Baba Nomau ya rasu bayan farin saba'in da uku, kaye ya dawo hannuna tare da sauran aikin gona. Na yi ta yi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa neman filin bayanin nan da gaske, sai bayan farin tamanin da huɗu.

Wanda bai ga wannan shekara ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Abin da ya shafi aikinmu shi ne iri. Mutane sun ci irinsu. Rumbunan da ake ɓoye zangarniyar shuka a ƙarƙashin rufi an sauke su an daka. Abin da ake kawowa na taimako dawa ce ta wata ƙasa, ta ci ce, ba ta shuka ba. Sarwis ya samu ya tattaro ɗan irin hatsin ƙasarmu, mai saurin nuna, daga hannun 'yan tsirarun da sunka riƙe nasu. Bai isa a raba wa kowa ba. Shawarar da anka yanke ita ce a ba wasu manoma amintattu su noma shi a damina mai zuwa. Manomi ya ba da gona da ƙarfinsa, sarwis ya ba da iri da taki. In an girbe a ware na iri a kai magaza, ɗakin ajiyar sarwis, don raba wa garuruwa, abin da ya saura na mai gona ne.

Shef ɗinmu, shugaban sarwis, mutum ne mai hankali, ya yi karatun noma mai zurfi, kuma yana tambaya kafin ya yanke. Ya kira ni biro ya ce fari ba mu da iko da shi, fara ma haka, amma ƙanƙara tunda tana da wuraren da ta saba, in tattaro duk abin da anka taɓa rubutawa a Madawa da Buza da Keita, in gaya masa inda ta fi ƙaranci, a kai irin can. Mota ɗaya gare mu, isansi, wato man fetur, a ƙididdige, wuri ɗaya yake so don a iya sa masa ido.

Na hau mobilet, ɗan babur ɗina, na bi biro-biro. Wasu kayen a kabad suke, wasu a kwali ƙarƙashin tebur, gara ta ci gefensu. Na zauna na fidda kowace alama, gari-gari. Da na jera su, amsa ta fito kamar an zana ta. Karofane cike take da alamar ƙanƙara, kusan ba ka wuce damina biyu ba ka ga ɗaya ba. Garhanga jefi-jefi. Babankatami kuwa fes, shekaru masu yawa ba ko ɗaya. In da irinku ne masu sauri, a nan za ku rufe kaye ku rubuta rapor, ku ce rahoto ya kammala.

Ni abin da ya tsayar da ni hannun rubutu ne. Alamomin Karofane kusan duka hannu ɗaya ne ya yi su, na wani malamin likita da ya daɗe a garin, ba ya zuwa ko'ina da damina. Mutumin nan ko ƙwaya uku ta faɗo tsakar gidansa, girman dawa, sai ya sa alama, ya rubuta lokaci. Da na bi su ɗaya-ɗaya na iske mafi yawansu ƙanana ne, kuma a farkon damina, hatsi bai wuce idon sawu ba. Bayan an ɗauke shi daga garin alamun sunka yi ƙasa lokaci guda. Sama ba ta canza ba, mai kallonta ne ya tashi.

Na Babankatami kuwa a lakol, makarantar boko, gwangwanin yake, hannun mushen makaranta. Mushe na rubutu tsaf har ƙarshen watan shida, sannan a ba da bakansi, dogon hutu, ya tahi garinsu. Daga nan rubutun ke canzawa ya koma na gardin lakol, wanda anka koya wa lambobi kawai. Yana sa milimeta daidai gwargwado, amma filin bayani ba wanda ya ce masa na mene ne. Watan bakwai da na takwas, lokacin da ƙanƙara ke kashe gona, ba mai rubuta ta. Wata shekarar ma shafukan babu komi, an ce akuya ta ture gungumen. Na Garhanga kuma wata matsala ce: wanda ya riƙe shi yana rubuta abin da ya ji a kasuwa, ya sa ranar da ya ji, ba ranar da ta faɗi ba, ba ya kuma faɗin wane ƙauye. Wani ya rubuta "manya", wani ya rubuta "kamar gujiya", wani "kamar ƙwan zabo". Manyan wani ƙananan wani ne.

Tunda takarda ta yi shiru a Babankatami, sai na tahi in tambayi abin da ba ya zuwa bakansi. Na nemi tsani na hau rufin masallacin Juma'a da na lakol da na wani tsohon shago. Tol ba ya mantuwa. Ƙanƙara babba tana barin lotsa a jikinsa, a gefen da ke kallon gabas, in ta daɗe tsatsa ta zauna cikin lotsar. Ka tambayi shekarar da anka yi rufin, ka san daga yaushe yake shaida. Na cikin gari na iske lotsa, ba da yawa ba amma akwai. A wani ƙauye gabas da garin kuwa, rufin masallacinsu sumul yake.

A wannan ƙauye na san Arzika, sarkin nomansu. Gidansu ke riƙe da sarautar noma tun kakanni, tun lokacin da ake yanka a gindin dutse kafin shuka. Shi kansa mai salla ne, sahun gaba, amma sanin ƙasa da na sama na gidan bai bar shi ba. Ya kai ni wurin mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf tana kaɗi a inuwa. Tsofaffi ba su ba ka shekara da lamba. Ta ce a saninta sau ɗaya ƙanƙara ta yi musu ɓarna, tana goyon ƙanen Arzika, hatsi kuwa bai kai gwiwa ba, ya tashi daga baya. Ta ce hadarin da ke ɗauke da ita yakan rabu a kan dutsen da ke gabas da su, ya bi kwari ya yi kudu. Na tambayi wasu tsofaffi biyu daban-daban, ba tare ba, maganarsu ta zo kusa da tata.

Na koma na shimfiɗa wa shef duk abin da na gani. Na ce masa Karofane ba ta kai munin da kaye ya nuna ba, Babankatami ba ta kai kyan da ya nuna ba, kuma duk abin da na tara yana faɗin inda ta saba bi ne, ba ya faɗin inda za ta bi bana. Shawarata a raba irin wuri uku masu nisa da juna, yadda hadari ɗaya ba zai haɗa su ba. Ya dubi taswira, ya kawo maganar isansi, ya kawo maganar cewa Garhanga ƙarƙashin Keita take, sai an nemi yardar abokin aikinsa na can. Munka yi ta juya maganar. Daga ƙarshe ya ce a raba, ni in riƙa zagawa da mobilet, amma kaso mafi girma a kai inda shaida ta fi ƙarfi. Na yarda da haka, don ni ma abin da na gani ke nan. Kaso babba ya tahi gonar Arzika, ɗaya wurin wani Malam Habu a Karofane, ɗaya wurin wani manomi a Garhanga.

Arzika bai karɓa da gudu ba. Gonar da muke so ita ce mafi kyawun gonarsa, jigawa mai riƙe sanyi, inda ya saba haɗa hatsi da dawa da wake don in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Mu kuwa hatsin iri zalla muke so, kada ya gauraya. Gidansa babba ne, sun fito daga yunwa, shanun nomansa sun mutu. Ya tambaye ni fari, na ce na Allah ne. Ya tambaye ni ƙanƙara, na ce duk abin da na bincika ya nuna ba ta cika zuwa nan ba. Ya kwana biyu yana shawara da 'yan'uwansa, sannan ya aiko a kawo iri.

Damina ta yi kyau a wannan shekara, kamar ana biyan mutane. Gonar Arzika ta fi sauran biyun. Shi da ɗiyansa da matan gidan sunka yi noman fari da maimai da hannu, da ciki rabi. Cikin watan takwas hatsi ya fi ni tsawo, ya fidda kai, bununi na zuba a kafaɗarka in ka ratsa. Shef ya zo da kansa ya gani, ya koma yana murna.

Ana cikin haka wata safiya ina juye gwangwani a Buza sai ga ɗan Arzika na fari bisa raƙumin aro. Ya ce jiya bayan azahar ƙanƙara ta sauka musu.

Tun daga nesa na ga hanyarta. Ta fito ta kan dutsen nan da anka ce hadari na rabuwa, ba ta rabu ba, ta miƙe ta ratsa tsakiyar jigawa. Gonar iri na tsakiyar hanyar. Kara na tsaye tsirara, ganye ya zama zare, zangarniya a karye tana rataye, ƙasa kore da abin da ya zuba, wurin na warin ɗanyen ganye. Gonar maƙwabcinsa ta arewa, jifa ɗaya tsakani, ba abin da ya same ta. Arzika na zaune a gindin wani gawo, mutanen gari na zuwa suna yi masa jaje kamar an yi mutuwa. Na gaishe shi, ya amsa. Ya miƙo mini zangarniya ɗaya, na murza, ba ƙwayar da za ta yi.

"Mushe, ka ce ba ta cika zuwa nan ba."

"Haka na ce, Sarkin Noma."

"To, ta zo."

Ya tashi ya ce in biyo shi gida. Bayan rumbunsa ya nuna mini wani curin laka da ya kife da ƙwarya. Ashe da ƙanƙarar ta tsagaita ya tsinci mafi girma ya danna ta cikin ɗanyen laka, ta narke ta bar gurbinta. Ya ce ya ga ina auna lotsar masallacin Juma'a na Babankatami, ya san zan so girmanta, kuma kafin in iso ta zama ruwa. Na durƙusa na sa regil. Ta kai ƙwan zabo. Ya ce in rubuta da kyau, in sa sunan gonar da wajen da ta fito, kada in rubuta Babankatami kawai, don mutanen Babankatami ko yayyafi ba su gani ba jiya. Na rubuta a gabansa, na karanta masa, ya gyara mini lokaci.

Karofane da Garhanga sun tsira. Da kaka ta yi anka samu irin da za a raba, bai kai yadda munka so ba, amma ya isa garuruwa su fara. Saura maganar gidan Arzika. A ƙa'idar da anka yi, rabon mai gona daga gonarsa yake fitowa, shi kuwa ba abin da ya fito sai kara. Shef ya samo masa 'yan buhunan dawar taimako, abin da ba zai kai su sanyi ba. Sai ya ce a tara manoman uku a Buza ranar kasuwa.

Munka zauna a inuwar biro. Shef ya faɗi abin da ya tara mu, ya ce ba doka ba ce, roƙo ne, ko sauran biyun za su taɓa rabonsu. Na Garhanga ya ce abin da Malam Habu ya yi shi zai yi. Malam Habu kuwa mutum ne mai faɗin gaskiyarsa. Ya ce shi ma daga yunwar nan ya fito, ya sayar da duk abin da ke tafiya da ƙafa huɗu a gidansa, ƙannensa biyu na Najeriya sun bar masa iyali. Ya ce gumin ɗiyansa ne a dammunan nan, bai ga dalilin da zai sa ƙaddarar wani gari ta shiga rumbunsa ba.

Na nemi izini na yi magana. Na ce masa in da kaye kaɗai munka bi, ƙwaya ɗaya ba za ta je Karofane ba, don garinsu ne ya fi kowane baƙin suna a takarda. Duka irin, gonar Arzika za shi, kuma da yanzu ba mai ko zangarniya. An kai masa iri ne don ba mu san inda za ta faɗi ba. Gona ɗaya ce munka yanka uku, muna sane cewa wani yanki na iya shan duka a madadin sauran. Da ta bi kwari ta yi kudu yadda ta saba, da shi ne zaune inda Arzika yake zaune.

Arzika ya ɗago kai ya ce shi bai zo roƙo ba, kiransa anka yi. Ya fara neman takalminsa.

Malam Habu ya tsayar da shi. Sannan ya ce, "Zamna, Sarkin Noma. Na san ba roƙo ka zo ba. Baki nawa ke ci gidanka?" Arzika ya gaya masa. Ya ce, "Bayan Juma'a ka turo jakkai."

Na Garhanga ma ya ba da nasa. Ba takardar da anka sa wa hannu. Gidan Arzika sun kai damina, da ƙyar, amma ba wanda ya watse, kuma da irin Karofane ya shuka jigawar nan da ruwa ya sauka. Aikin raba iri na sarwis bai daɗe ba anka tsayar da shi, shef ya samu canjin wuri, kowa ya koma nomansa.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, cikin watan takwas, takarda ta iso mini daga Karofane cewa ƙanƙara ta bi gonakin yamma da gari, hatsi na ciki, har da gonar Malam Habu. Takardar ta yi kwanaki a hanya kafin ta zo hannuna. Na ɗauki kaye da regil na hau mobilet na yi kudu. Ban yi nisa da Buza ba na cim ma jakkai a jere, kowane da taiki biyu na tsohon hatsi, wani dattijo na bin su da sanda. Sai da na zo daf na gane Arzika ne, ya yi furfura. Ya ce a kasuwa ya ji, ya buɗe rumbun bara.

Na kashe mobilet munka gaisa. Na ce masa ni ko ganin gonar ban yi ba tukuna, mai yiwuwa ɓarnar ba ta kai yadda ake faɗi ba, ya jira in auna in aiko masa.

Ya gyara igiyar wani taiki da ya karkace, ya daki jakin gaba.

"Kai tahi ka auna, Mushe," ya ce. "Mu muna tahe."